Da Sauƙi, Danna Ɗaya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina ɗauko littafin ina mayarwa ƙarƙashin katifa. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma mutumin da zan faɗi laifinsa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a ƙauyenmu na bayan Sandamu ya san Murjanatu ba ta magana. Ko baƙuwa ce ta yi sallama, ɗaki nake shigewa. Amma shekaranjiya na ji maza a ƙofar gida har yanzu suna kiran Yaya Kalilu "Dakta", yana amsawa yana dariya. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Matarsa Barakatu ta haihu ne a farkon kaka, lokacin cirar gyaɗa. Haihuwarta ta fari ce, ta samu mace. Da mahaifiyarta na raye, gidansu na Zango za ta je wanka. Da yake ta rasu, Innarmu ta ce ita za ta yi mata, ni kuma in riƙa dafa ruwan.

Ranar suna yayanta Yazid ya zo daga Legas, inda yake tuƙin babbar mota. Ya kawo mata waya sabuwa, ya zauna a bakin gadonta yana koya mata. Ya ce ya yi mata rajistar likitan waya, duk wata shi zai riƙa biya daga can. Kullum za a turo darasin lafiya da Hausa. Litinin da Alhamis da safe kuma waya za ta yi ƙara, muryar wata mata ta tambayi jiki. Idan da sauƙi a danna ɗaya, idan yana nan yadda yake a danna biyu, idan ya ƙaru a danna uku, likita ya kira da kansa. Duk abin da aka danna, saƙo zai je wa Yazid.

"Ina nesa, Baraka," ya ce, "amma kin ga yanzu kamar ina bayan ɗakinki."

Ta yi dariya ta ce, "To ka riƙa yin tari in za ka leƙo."

Motarsa ba ta kai Daura ba Yaya Kalilu ya karɓi wayar. Ya ce mai jego ba ta da lokacin latse-latse, kuma caji a shagonsa yake. Ya sa ta a aljihun gaba, inda kowa zai gani.

Litinin ta farko ina tsugune gaban murhu na ji ta yi ƙara. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ko labulen bai ɗaga ba.

"Mai jego, yaya jiki?"

"Da sauƙi," ta ce daga ciki.

Ya danna ɗaya, ya fita.

Wanda duk ya tashi a ƙasar nan ya san wannan kalmar. Ba labarin jiki ba ce, amsar gaisuwa ce. Babanmu da safen ranar da zai rasu, liman ya zo duba shi, Baba ya ce masa da sauƙi. Kafin azahar aka yi masa wanka. Yaya Kalilu yana wurin, shi ya riƙe masa kai. Don haka kada wani ya ce min bai sani ba.

A kwana na goma sha biyar ƙafafunta suka fara kumbura. Silifas ɗinta ya ƙi shiga, ta koma sa na Inna. Bayan kwana biyu muka cire zoben hannunta da sabulu. Sai tari ya zo, busasshe, mai hana ta gama magana. Daga ɗaki zuwa bayan gida taku goma ne, amma sai ta dafa bango ta huta a tsakiya.

Na gaya wa Inna. Ta leƙa, ta ce, "Ruwan jego ne bai gama fita ba. Ƙara itace. Kunun ma ki ƙara masa kanwa, wannan salam yake."

Na ƙara itace. Na ƙara kanwa. Safe da yamma ina dafa ruwa har ya yi ta tafasa, in jefa ganyen darbejiya, Inna ta riƙa fyaɗa mata a jiki. Barakatu takan fito daga wankan tana haki kamar wadda aka koro, idanunta sun yi ja. Da hannuna na yi wannan, ban cire kaina ba.

Alhamis, Litinin, Alhamis. Bakin ƙofa, labule a sake.

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Ɗaya.

Shi kuwa Yaya, wayar ta karɓe shi. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, abokansa su taru, ya kunna musu darasin ranar da ƙarfi. Ina jin su ta zaure idan ina sussuka. Darasin hawan jini, darasin ciwon suga, darasin wanke hannu. Idan ya ƙare sai ya maimaita da bakinsa kamar shi ya ƙirƙira. A nan aka sa masa Dakta.

"Ɗantsoho, cokali nawa na suga ka zuba yau?"

"Dakta, ka bar ni da shayina. Kakana da zuma yake shan fura, ya shekara casa'in."

"Kakanka ƙafa yake zuwa Zango. Kai ko masallaci sai ka hau babur."

Suka yi ta dariya.

Wata Talata muryar matar ta fara cewa, "Darasinmu na yau a kan mai jego ne. Idan kuka ga ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune…" Na ajiye taɓarya. Sai na ji Yaya ya katse darasin.

Ɗantsoho mai shayi ya ce, "A'a, Dakta, bar shi mana. Kai da kake da mai jego a gida?"

"Wannan na matan birni ne, masu kwana a fanka. Namu Inna ta san aikinta. Bari in nemo muku na basir, Malam Auta na bukata."

Aka sake fashewa da dariya, Malam Auta yana rantsuwa shi lafiyarsa ƙalau.

A lokacin Barakatu ta kwana huɗu ba ta kwanta ba. Buhun gero muka jingina mata a bango, muka ɗora filo biyu, a haka take yin barcin da ya samu.

Washegari na tare shi a zaure zai fita gona. Ban taɓa tare shi da magana ba tun da nake. Ina kallon ƙasa na ce, "Yaya, ƙafarta fa."

"Ƙafar wa?"

"Yaya Baraka. Ko za a danna ukun nan."

Ya sauke fartanya daga kafaɗa. "Kina wurin nake tambayarta ko ba kya wurin?"

"Ina wurin."

"Me ta ce?"

Na ci gaba da kallon ƙasa.

"Me ta ce, Murja?"

"Da sauƙi."

"To in yi mata ƙarya? Mai jiki ta ce da sauƙi, ni in ce wa likita babu sauƙi? Kin fi ta sanin jikinta?" Ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya. "Kin san abin da ukun nan yake yi? Saƙo ne zai tafi Legas. Wancan ya ɗaga waya ya kira Zango, ya kira duk danginsu, ya ce Kalilu ya kasa riƙon ƙanwarsa. Mutum ya zo gidana ranar sunan 'yata, a gaban jama'a, ya dasa min mai gadi a aljihu. Shi ya fi ni sonta? Ni nake ciyar da ita."

Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Sai a ranar na gane ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sani ba. Kullum da ya danna ɗaya, da Yazid yake faɗa.

Da hantsi na shiga ɗakinta da kunu. Jaririyar na kan cinyarta tana neman nono, ita kuma ko ɗaga ta ba ta iya yi. Na ɗaga mata ita. Fuskar Barakatu ta yi suntum, wuyanta jijiyoyi sun tashi. Wannan matar da ta zo gidanmu tana waƙa a bakin turmi, tana tsokanata wai in na yi aure da alli zan riƙa rubuta wa mijina magana a bango.

"Kalli ƙafar nan, Murja," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "In an kai ta kasuwa, mahauta za su yi rububi."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Don me kike ce masa da sauƙi?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta don me take sallah.

"To in ce me? Yana bakin ƙofa, takalmi a ƙafa. Inna na tsakar gida tana ji. In buɗe baki in ce babu sauƙi? A ce 'yar Zango raguwa ce, ta raina wankan uwar miji? Ga Allah ya ba ni 'ya lafiyayya, in zauna ina ƙorafi?" Tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Da zai shigo ya zauna, ya duba da idonsa, ai ba sai na ce komai ba."

Bai shigo ba. Cikin kwana talatin da shida, in ya shiga ɗakin nan to jaririya ya je ɗauka, ya fito da ita haske.

Ranar Alhamis, kwana na talatin da shida, ya yi sammakon gona don masu taya shi cirar gyaɗa sun zo da wuri. Ya manta wayar a kan taga. Ina wanke kwanuka ta fara ƙara. Inna ta shiga maƙwabta karɓo rariya. Na tsaya ina kallonta tana ƙara, hannuna duk kumfa. Ta katse. Ta sake farawa.

Na goge hannu a zane na ɗauka. Muryar matar ta yi sallama, ta jero ɗaya da biyu da uku. Lambobi dai na san su. Na danna uku, na ajiye wayar da sauri kamar garwashi.

Ba a yi minti goma ba ta sake ƙara. Wannan karon mutum ce. Ta ce sunanta Dakta Juwairiyya, da Barakatu take magana?

"Ƙanwar mijinta ce," na ce. Da ƙyar ta ji ni.

"To ƙanwata, kai mata wayar, ki tsaya kusa."

Abin da na lura, ko sau ɗaya ba ta ce yaya jiki ba. Ta ce, a kwance take kwana ko a zaune? Tun yaushe? Ta ce in danna ƙaurinta da babban yatsa in ƙirga biyar in ɗaga. Na danna. Ramin ya zauna, bai taso ba. Ta ce Barakatu ta ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da numfashi ɗaya. A bakwai ta tsaya. Ta tambayi wanka, ta tambayi kunu. Sai ta ce:

"A nan wurina an rubuta sau takwas a jere jiki da sauƙi. Wa yake dannawa?"

Barakatu ta kau da kai.

"To. Ku saurare ni da kyau. Alamun nan na zuciya ne, ta gaji, ruwa yana taruwa a jiki har ƙirji. Wannan ba abin da zan iya yi ta waya ba ne. A daina wankan zafin, a daina kanwa, a kai ta babban asibiti a Daura yau. Ban ce gobe ba. Akwai namijin da zan yi wa bayani?"

Na ce yana gona. Ta ce za ta sake kira da yamma.

Kafin la'asar ya dawo, jikinsa duk ƙasa, ƙaramar wayarsa a hannu. Yazid ya riga ya kira shi yana gona. Bai yi sallama ba.

"Wa ya taɓa min waya?"

Ina bayan rumbu. Na fito.

"Ke? Yau kika yi baki, a kaina?"

Na fara gaya masa abin da likita ta ce. Inna ta katse ni. "Wace likita ce za ta ga zuciyar mutum ta waya? Ni haihuwa tara na yi, duk da ruwan nan na tashi. Mai jego ta fita kafin arba'in, iska ta buge ta a hanya, wa za a kama? A kai ta can maza su buɗe ta?"

Babbar wayar ta yi ƙara. Yazid ne. Yaya ya gyara murya, ya ɗauka har da dariya.

"Wallahi kuskure ne, yarinyar gidan nan ce ta yi wasa da ita. Ka san likitocin nan, ko atishawa ka yi sai su ce asibiti. Ɗan kumburin jego ne. Ga ta ma ka ji da kunnenka."

Ranar ya ɗaga labule. Ya shiga har gaban buhun geron, ya sa wayar a bakinta, bai sake ta ba. Inna ta tsaya a ƙofa. Ina jin muryar Yazid, ƙarama, da ƙarar motoci a bayansa.

"Baraka? Baraka, yaya jikin? Gaya min gaskiya."

Ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Ta dubi Inna. Ta tattara numfashin da ya rage mata.

"Da sauƙi, Yaya."

"Ka ji ko?" in ji Yaya Kalilu, ya fito yana ci gaba da hira, har yana tambayar farashin mai a Legas.

Da ya gama ya ce mana kwana huɗu ya rage arba'in. Ran Litinin in an yi wankan ƙarshe, in har kumburin bai sauka ba, shi da kansa zai kai ta. Yanzu gyaɗa na zube a gona, ga masu taya aiki, ba zai watsar ba saboda maganar wata mata da ba ta taɓa ganin ƙauyen nan ba. Da likitar ta sake kira, ya duba, ya kashe wayar gaba ɗaya. Ya fita ƙofar gida. Na ji Ɗantsoho yana cewa, "Dakta, yau ba darasi?" Ya ce caji ya ƙare.

Inna ta ce in ɗora ruwan yamma. Na ɗora. Wannan ma na rubuta shi, don ya zauna a kaina.

Ina so a fahimce ni. Ban ga laifin wayar ba, abin da aka danna mata take faɗa. Ban ga laifin kalmar ba, da ita iyayenmu suka koya mana haƙuri. Laifin na mutumin da ya san kalmar sarai, ya mai da ita mafaka. Ya tambayi mace tambayar da ya san amsa ɗaya gare ta, a wurin da ya san ba za ta iya ba da wata ba, sa'annan ya ce ai ita ta faɗa. Ya haddace alamomin hawan jinin Ɗantsoho, bai san matarsa ta kwana goma sha biyu a jingine da buhu ba. Ko ya sani. Ban san wanne ya fi muni ba.

Barakatu tana raye. Sati uku ta yi a asibiti. Likitan da ya karɓe ta ya ce da an kai Litinin ɗin nan, ba asibiti za a kawo ta ba. Yanzu tana gidan mahaifinta a Zango tana shan ƙwayoyi safe da yamma, an ce wataƙila har ƙarshen rayuwarta. An ce wani cikin zai iya kashe ta. Shekarunta ashirin da ɗaya. Ba ta iya goya 'yarta ta kai bakin titi. Da Yazid ya iso asibitin, a gabana ya riƙe hannun Yaya Kalilu biyu-biyu yana godiya da ya yi hanzarin turo ta. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba, ai nauyina ne."

Ga yadda aka yi hanzarin.

Washegarin ranar da ya kashe waya, Juma'a, yana idar da sallar asuba ya wuce gona. Ban hura wuta ba. Na sa hijabi na fita bakin titi, inda Kabo direba yake lodin mutanen Daura. Ban taɓa yi wa namijin da ba ɗan gidanmu ba magana. Na tsaya a gefen motar har ya gaji ya ce, "'Yan mata, tafiya ce ko kallo?" Na faɗi komai a tare, ban san ma yadda ya fito ba. Ya sauke mutum biyu daga kujerar baya, ya juyo da motar har ƙofar gidanmu.

Na shiga ɗaki na goya jaririyar, na ɗauko mayafin Barakatu. Ta riƙe hannuna.

"Yayanki ya ba da izini? In bai ce ba, ba inda za ni, Murja."

Na san da gaske take. Za ta mutu a jikin buhun nan kafin ta taka zaure ba da izninsa ba.

"Ya bayar," na ce. "Da asuba ya gaya min. Ya ce mu yi gaba, zai biyo mu."

Inna na tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ta ji ni sarai. Ta dube ni, ta dubi ƙafafun da nake ƙoƙarin cusawa a silifas. Ta ce, "Ruwan fa?" Na ce ban dafa ba. Ba ta hana mu ba, ba ta kuma kama mana ba.

Sau uku muka tsaya kafin mu kai mota. Da na zaunar da ita, ta jingina kai a kafaɗata tana haki, sai na ga tana murmushi.

"Kin gani ko," ta ce. "Na gaya miki yayanki ba mugu ba ne."

Na ja ƙofar na rufe, na ce wa Kabo ya yi sauri.